Sirdin Baba

Ko da tsufa zai cinye mini hankali, ba zan taɓa mantawa da ranar bikin ƙanena a Wara ba.

Ni malamin Turanci ne. Nakan cinye darasi guda ina warware wa ɗalibai yadda Bature ke sarrafa kalmar linzami: na doki, na mulki, har da na zuciya. A ɗakin malamai ma ba na rabuwa da "likkafa ta yi gaba" da "a ƙara ƙaimi". Amma ko jaki ban taɓa hawa ba (kwale-kwale ma sai na rufe ido).

A gidanmu babban wa ne ke hawa doki ya ja tawagar ango zuwa gaida dattawa. Baba yana da wani tsohon sirdi da ya ɗauko a ka tun lokacin da ruwan Kainji ya cinye garinsu. Ya sha kira na in zo ya koya mini hawa, ni kuwa kullum sai hutu mai zuwa. Hutun bai zo ba har idanunsa suka mutu. Burinsa ɗaya ya rage, a ce ɗansa ya zauna a kan sirdin nan yana raye.

Aka aro doki. Kawuna ya ce bari ya ɗaura sirdin, na ce ya bar shi, ai na karanta. Ashe doki yakan kumbura ciki idan ana ɗaure masa sirdi, sai an jira ya saki numfashi a sake jan ɗaurin. Wannan babu shi a littafina.

Na sa ƙafa a likkafa, na haye da babbar riga, mata suka rangaɗa guɗa. Ba mu bar ƙofar gida ba sirdi ya fara sulalewa. Na bi shi sannu a hankali, kamar tulu a kan gammon da ya goce, sai ga ni cikin taɓon ruwan wanke-wanken biki a ƙarƙashin doki. Guɗa ta tsaya cak. Shirun ya fi mini dariya ciwo.

Daga nan ƙasa na ji muryar Baba, yana kan tabarma kusa da Inna.

"Mi af faru? Shina bisa?"

Inna ta dube ni, taɓo har gemu. "Shina bisa, Malam."

"Zama nai irin nau na?"

"Sak naka."

Baba ya yi murmushi, ya yi hamdala. Duk taron nan ba wanda ya yi ko tari. Ni kuwa hawaye na yi, kuma ba na faɗuwar ba ne.

Baba bai ga daminar shekarar ba. Sirdin yana ɗakina yanzu, kuma na koyi hawa a hannun Kawu, hawan da ba wanda zan nuna wa. Har yau ina koyar da darasin linzami, sai dai nakan fara da gaya wa ɗalibai cewa abin da tsoho ya ce zo ka koya, kada ka kai shi hutu mai zuwa.