Marin da Na Yi wa Injin Rakiya

Azumi biyu bayan rasuwar maigidana Malam, shekarar da ruwa ya cinye titunan Dubai, na sauka wurin jikata Rakiya a Bur Dubai. Aikinta ofishin kargo ne, amma ranar hutu takan haɗa wani kiɗa wai shi tekno, irin wanda ake sakawa a rumbunan ajiya, ba a rediyo ba.

Wata Asabar da la'asar ta rufe ɗaki, ta ce masu shirya wani babban taro za su saurare ta kai tsaye ta bidiyo a intanet, sau ɗaya tak. Muna falo da maƙwabciyarmu Hajiya Ladi, sai na ji dum-dum-dum, abu ɗaya ba ci gaba. Ni da na shekara talatin ina gyara rediyon Malam da mari!

Na ce, "Kaset ya maƙale."

Ladi ta ce, "Hajiya, don Allah zauna."

Ina! Na banka ƙofa, na zabga wa injin kiɗanta mari uku, na ce, "Tashi, ɗan banza!"

Kiɗa ya ɗauke ɗif. Rakiya ta ce, "Kaka, kin kashe ni!" Ashe masu shirya taron duk suna kallonmu. Maza ta tsinto muryata da kwamfutarta ta naɗa, ta ɗora ta kan bugun, ta saki. Nan take suka ba ta fili a taron.

Yanzu Larabawa da Turawa da muryata suke tsalle. Injin ya riga mu gidan gaskiya, amma Ladi tana nan da ranta. Ko wayata ce ta yi gardama, sai ta ce, "Hajiya Injiniya, a mare ta?"