Ranar da Na Hura wa Tafkin Otal Wuta

Ba zan taɓa mantawa da satina na farko a wani otal a Gusau ba, shekara biyu bayan an ba mu jiha. An ɗauke ni gwajin wata ɗaya in kula da tafkin ninƙaya, saboda duk garinmu Nahuce babu mai kama ni a ruwa (har yau ina nan a kan bakana). In na faɗi gwajin, sai komawa gona.

Lokacin sanyi ne. Manaja ya kira ni da safe ya ce wani injiniya da ke haƙa rijiyoyi a Tsafe zai shiga ruwa da la'asar. Ya miƙo mini ma'aunin zafi ya ce, "Ruwan da ya dace shi ne digiri ashirin da bakwai, ko da takwas."

Na tsoma, na ga ashirin da biyu. Raina ya ɓaci. A gidanmu ba a ba baƙo ruwan sanyi da hunturu, innata ma sai ta gwada da gwiwar hannu kafin a kai masa. Sai na je kicin na ari tukwane shida wurin Inna Hassi mai dafa abinci, na kafa murhu a bakin tafki.

Ta bi ni da kallo ta ce, "Ɗan nan, wa ta haihu a gidanga?"

Ban kula ta ba. Tun hantsi nake tafasawa ina juyewa, tukunya ta fi talatin. Ma'auni ko gezau. Toka kuwa ta rufe ruwan, ni ma na yi baƙi ƙirin.

A haka Manaja ya iso da baƙon, tawul a kafaɗarsa. Suka yi cirko-cirko. Manaja ya ce, "Malam, mi kake yi haka? Wankan jego za a yi?" Na so ƙasa ta tsage in shige. Da kyar na ce, "Ranka ya daɗe, kunyar ba baƙo ruwan sanyi na ji."

Injiniyan ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ya zaga otal-otal da yawa, babu inda aka taɓa hura masa wuta. Ya roƙi Manaja kada ya kore ni. Shi ya koya mini in bar rana ta yi aikinta, da yamma in rufe ruwan da tamfol don kada ɗumin ya gudu.

Shekara goma sha ɗaya na yi a wurin, ana kirana Mai Jego, ina amsawa da ƙarfi. Har na kai in tsoma gwiwar hannu in faɗi digiri, a duba ma'auni a ga daidai. Darasin dai shi ne, karamci ba ya cin mutum, amma kafin ka ari tukunya, ka fara duba girman tafkin.