Taurin Baba Sabo da Fitilar Leza

Duk Jakara an san Baba Sabo tsohon ɗan tauri ne, wanda bai sani ba kuwa Baba zai zaunar da shi ya sanar da shi. Tsufa ya kwashe komai, saura baki. Jiya a majalisa ya bugi ƙirji ya ce har gobe ba abin da zai yanke shi, tsohon abokin hamayyarsa Sule maƙeri ya ce to a gwada ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yau da hantsi sai ga jikarsa Bahijja ta faɗo zaure da wata ƙatuwar tocila baƙa a hannu.

"...lafiya lau, angona. Ya ƙarfin jiki, in da saura?"

"Naki ne zai ƙare, mummuna. Mene ne wannan kika shigo min da shi?"

"Leza ce. Ta Yaya Mikail ce, daga China aka kawo masa."

"Tocila dai."

"Tocilar da take yanka."

Baba ya ƙanƙance ido. "Wa ya aiko ki? Sule ne ko? Na gan ki jiya kina gaishe shi har ƙasa. Ni mijinki ko rusunawa ba kya yi min."

"Ai shi yana da haƙora."

"Na roba ne!"

"Ba wanda ya aiko ni. Sule dai ya je wajen Yaya neman aronta, wai ran Juma'a da ita zai zo."

"Ya zo da buhu guda! Ni da takobi ya lanƙwashe a cikina a Ƙofar Dawanau? Ni da nake tauna reza in kora da koko?"

"Shi ya sa haƙoran suka yi hijira."

Ta saka baƙin tabarau, ta ce ya kau da kai, don in hasken ya taɓa ido, idon ya tafi ke nan. Ta jingina guntuwar fata a bango ta danna tocilar. Wani ɗigo shuɗi ya sauka a kan fatar. Kafin Baba ya gama tsaki hayaƙi ya tashi, zauren ya ɗau ƙauri kamar ana babbaka kan rago. Ta karkata hasken kan zaren da aka rataye jakar layunsa da shi, jim kaɗan jaka ta faɗo tim.

Baba ya janye ƙafafunsa cikin riga. Tsoro ya kama shi, ba na wasa ba.

"Ƙarya ne. Akwai reza a ciki."

"Haske ne zalla."

"Yarinya, ki ji tsoron Allah. Ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba?"

"Haske na ce maka."

"To ai magana ta ƙare! Ni maganin ƙarfe na sha. Wanda ya dafa ni bai yi min alkawarin haske ba. A zamaninmu haske yana da tarbiyya, ba ya yanka mutane."

"Sai ka faɗa wa majalisa haka."

"A gaban Sule? Ke, sunan nan shi kaɗai ya rage min a unguwar nan."

Tausayinsa ya kama ta, amma ta murtuke. "Miƙo hannu in ɗan ɗana maka."

"Ɗana wa kakarki!"

Ya juya baya, ya laluba ƙarƙashin buzu ya zaro ƙunshin kilishin da ya sha rantsuwa ba shi da shi.

"Ungo. Ki hana Mikail ba shi. Ki ce wa Sule batir ya mutu. In shi namiji ne ya zo da wuƙa kamar kowa."

Ta yagi kilishi ta kai baki. "In ya zo da wuƙar fa?"

Baba ya dubi fatar hannunsa da ta yamutse, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tuntsire da dariya.

"Ki ce masa Juma'ar nan ina da ɗaurin aure a Wudil."