Wasiƙar Da Ba Ta Gaida Malam Ilu Ba

Ku matso ku ji abin da maƙwabcina Malam Ilu ya yi, don ni dai tun ranar Alhamis haƙarƙarina ke ciwo saboda dariya. Malam Ilu shi ne dogon dattijon nan mai farin tabarau da ya yi shekara talatin da biyu a gidan waya yana tantance wasiƙu kafin ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, wallahi, ba shi da abokin faɗa. Amma in ka kuskura ka wuce shi da "sannu" guda ɗaya tal, ba ka tambayi gida da gajiya ba, to ka shirya shan wa'azi a tsaye. A wurinsa gaisuwa ita ce ma'aunin ɗan'adam. Wanda ya iya ta ɗan gidan mutunci ne, wanda bai iya ba kuwa ko limami ne a sa masa ido.

Yana da auta, Bara'atu, 'yar shekara goma sha uku. Yarinyar nan kanta na ja a lissafi, abin har mamaki yake ba ni. Malamarsu, Malama Kubura, ta sa ta cikin gasar lissafi ta jiha, ta ci zagayen farko, ta zauna jarrabawar zagaye na biyu. Masu gasar suka ce ta imel za su sanar da waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, kuma duk wanda bai amsa cikin kwana uku ba za a ba wani gurbinsa. To, da yake Bara'atu yarinya ce, sai Malama Kubura ta buɗe mata akwatin imel irin na yara, wanda iyaye ke sa wa ido. Duk saƙon da zai shigo mata, da duk wanda za ta aika, sai ya fara sauka a wayar mahaifinta. In ya danna kore ya wuce, in ya danna ja ya faɗa kwandon shara.

Kai, ranar da aka ɗora wa Malam Ilu wannan aiki kamar an ba shi kujerar Makka! Ya fito da bencinsa ƙofar gida, ya goge fuskar wayar da hannun riga, ya ce da ni, "Sabi'u, an mai da ni bakin aiki. 'Yan damfara da masu lalata yara sun shiga uku. Wasiƙar da za ta isa wurin 'yata sai ta bi ta hannun wanda ya san wasiƙa."

Na ce, "Malam, ai sai a riƙa karantawa da kyau, don mutanen nan sun iya baki."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Karantawa? Ni? Shekara talatin da biyu ban taɓa leƙa cikin wasiƙar wani ba, wannan amana ce. Layin farko kawai zan duba. Daga yadda mutum ya buɗe magana ake gane gidan da ya fito."

Na bar zancen a nan, don na san in na ƙara kalma ɗaya har Magariba ba zan tashi ba.

Ranar Litinin bayan La'asar ina zaune kusa da shi wayar ta yi ƙara. Saƙo biyu ne suka shigo a jere. Ya gyara zama, ya buɗe na farko, ya karanto da ƙarfi: "Sanarwa. Ɗaliba mai lamba ɗari huɗu da bakwai."

Nan ya tsaya. Ya cire tabarau, ya mayar. "Sabi'u, ka ji rashin tarbiyya? Ba sallama, ba ina wuni, ba yaya Baba. 'Yar tawa ma ba ta da suna, lamba ce kamar buhun taki! Wannan ko ba a faɗa ba ɗan damfara ne." Ya danna ja da ƙarfi har wayar ta kusa suɓuce masa.

Na ce, "Malam, da dai an ɗan ƙarasa karanta..."

"Wasiƙar da ba ta gaishe ni ba ba za ta shiga gidana ba."

Ya buɗe na biyu. Sai na ga fuskarsa ta saki. Ya karanta a hankali yana gyaɗa kai: "Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ki lafiya, tare da Baba da Mama da dukkan mutanen gida. Yaya karatu, yaya ƙoƙari?"

"Allahu akbar!" in ji shi. "Ashe da sauran 'ya'yan halak a duniya. Ka ji har ni ya tambaya. Lafiya lau, ɗana, Allah ya yi maka albarka." Ya amsa wa wayar gaisuwa kamar mutumin na durƙushe a gabansa, sannan ya danna kore.

Daga ranar kullum Bara'atu ta dawo makaranta, ko jaka ba ta ajewa, sai ta tsuguna gabansa. "Baba, ba saƙo daga masu gasa?"

"Babu, Auta. Akwai dai wata marar kunya da ta zo, na kore ta."

Ranar Laraba yarinyar ko abinci ba ta iya ci ba. Ta sa a ranta ta faɗi, ta shige ɗaki tana kuka. Ni kaina sai da ta ba ni tausayi, don na san yadda ta ƙwallafa rai a kan gasar nan.

Ranar Alhamis da ƙarfe uku da rabi sai ga Malama Kubura a kan acaɓa, ko tsayawa sosai bai yi ba ta diro. Muna zaure ni da Malam Ilu. Ta yi sallama a gurguje ta ce, "Baba, lafiya Bara'atu ba ta amsa ba? Na ga sunanta cikin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe! Ƙarfe huɗu za a rufe, in ba ta amsa ba an ba wani."

Malam Ilu ya ce, "Malama, ina wuni tukuna. Yaya makaranta? Yaya yara?"

"Lafiya lau, Baba, don Allah wayar!"

Jin hayaniya ya sa matarsa, Ramlatu, ta fito zauren da ludayin miya a hannu, Bara'atu na biye da ita. Malama Kubura ta karɓi wayar ta shiga kwandon shara, sai ga saƙon nan kwance tun Litinin. Ta karanta duka: ɗaliba mai lamba ɗari huɗu da bakwai ta zo ta biyu a jiha, ana gayyatarta zagayen ƙarshe, ta tabbatar da zuwanta kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis.

Bara'atu ta daka tsalle. Ramlatu ta rangaɗa guɗa, sannan ta juyo ta kafa wa mijinta ido.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce, "To ai laifinsu ne. Hukuma guda ba ta iya gaisuwa ba?"

Yarinyar ta ari wayar Malama ta shiga akwatinta, ta rubuta layi ɗaya cewa ta gode, za ta zo. Ta aika. Sai wayar Malam Ilu ta yi ƙara, don ita ma amsar sai ya amince za ta fita. Saura minti goma sha biyu. Ya karɓi wayarsa, ya gyara tabarau, ya duba, ya girgiza kai.

"A'a. Wannan ba za ta fita daga gidana ba. Don su ba su da tarbiyya sai mu ma mu zama irinsu? Auta, goge ki sake. Rubuta: Bayan gaisuwa mai yawa ga shugaba da mataimakinsa..."

"Baba, lokaci!"

"...da sakatare, da dukkan ma'aikata, da iyalansu. Yaya aiki, yaya fama da jama'a..."

Wallahi gumi ya karyo mini kamar ni ne zan shiga gasar. Malama Kubura tana duban agogo tana salati. Yarinyar na bugawa hawaye na ɗiga a kan wayar. Sai da ya gaida har masinja da maigadi, sannan ya yarda a sa maganar zuwa a ƙasa. Ya sake bin wasiƙar daga farko, abin da bai taɓa yi wa wasiƙar kowa ba, ya ce an manta "wassalam". Aka ƙara. Ya ɗaga yatsa a hankali ya danna kore saura minti biyu. Can sai ga amsa ta dawo cewa an karɓa. Kowa a zauren ya sauke ajiyar zuciya.

Malam Ilu ya waiwayo ni yana murmushi. "Ka gani, Sabi'u? Suna ganin gaisuwa suka karɓa nan take."

Malama Kubura ta ce, "Baba, na'ura ce ke amsawa. Amma bari mu bar wannan. Akwai wani saƙo da ka bari ya shigo mata ran Litinin."

"Yauwa! Yaron nan mai ladabi. Auta, kin mayar masa da amsa kuwa? Kada a ce ba mu da kirki."

Bara'atu ta sunkuyar da kai. "Ban amsa ba, Baba. Na nuna wa Mama, washegari na nuna wa Malama."

Malama Kubura ta buɗe saƙon ta karanta masa ragowar da bai karanta ba. A ƙasan doguwar gaisuwar nan, mutumin cewa ya yi an zaɓi Bara'atu za a ba ta kyautar kwamfuta. Ta turo hotonta, da kwatancen gidansu, da lokacin da take tashi daga makaranta, da lambar sirrin akwatinta. Ya rufe da cewa kada ta faɗa wa Baba da Mama, don a ba su mamaki.

Malam Ilu ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya yi salati sau biyu, muryarsa ta sauya. Ya jawo yarinyar ya dafa kanta ya ce Allah ya yi mata albarka, Allah kuma ya tona asirin wannan mugu. Can ya nisa ya ce, "Amma fa, tsakani da Allah, ya iya gaisuwa."

Ramlatu ta juya za ta koma wurin miyarta. Ya tsayar da ita da ƙaramar murya, irin wadda ban taɓa jin ya yi ba.

"Maman Auta, to yanzu shi ke nan an sallame ni daga aikin? Wa zai riƙa tantance wa yarinyar wasiƙu?"

Ta tsaya a bakin labule, ta nuna shi da ludayin.

"Haba Malam, wa zai sallami ƙwararre irinka? Kai za ka ci gaba. Duk wadda ka amince da ita mu goge, wadda ka kora mu buɗe."