Inji Ɗaya, Majinyata Biyu

"Lafiya lau na wuni, sai yanzu da na gan ki. Wa ya buɗe wa Kunnen Ƙashi ƙofa?"

"Gidan mijina ne, sai na nemi izini? Ya tarin, Tsoho?"

"Wane tari? Gyaran murya nake."

Ina kicin ina jin su. Surukina ne, tsohon tela, ni kuwa ko ido ba na iya haɗawa da shi, balle in ce masa ya yi ba daidai ba. Shi ya sa in magana ta kai magana nake kiran 'yata, jikarsa, don ita kaɗai za ta yaɓa masa gaskiya ya yi dariya. Busasshen tari ne ya sa shi gaba. Likita ya ce iskar ɗakinsa ta bushe da yawa, a ajiye masa injin nan mai fitar da tururi mai sanyi kusa da gado. Ita ta sayo, ita ta kafa. Yau na shiga shara na tarar babu inji. Ashe yana falo, gindin taga, yana ta feshi a kan fulawar marigayiya surukata, mai yaɗon nan mai faffaɗan ganye da ake kira filodendiron. Raina ya tashi, don tarin nan yana ba ni tsoro ƙwarai.

"Gyaran murya tun wancan makon? Waƙa za ka fitar?" in ji ta. "Ina injin da na kafa maka?"

"Ƙafa ya yi."

"Ya tako da kansa har falo?"

"Kayan zamani, me ba sa yi? Dubawa ya yi ya ga wanda ya fi buƙata."

"Na sayo wa angona, ka ɗauka ka ba ganye!"

"Angonki? Allah ya kiyaye. Wa zai kwashi yarinyar da ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa?"

"Ni ma rufa maka asiri nake. Wa zai kula mai haƙora huɗu, biyu ma na aro?"

"Huɗun nan sun ci naman da ba ki taɓa gani ba. Matso nan, sarkin surutu. Kin ga bakin ganyen nan yadda ya ƙeƙashe, kamar an manta dutsen guga a kai? Kakarki tana raye ko ɗigon haka babu."

"To ka ƙara mata ruwa mana."

"Ji jahilci! Na ƙara, har ganyen ƙasa suka koma ruwan ɗorawa, saiwa ta kusa ruɓewa. Ba ƙishin baki take ji ba, ƙishin iska ne. 'Yar kurmi ce, inda iska kanta a jiƙe take."

"Iko sai Allah, tela ya zama likitan ganye. Wannan farantin da ke ƙarƙashinta fa? Tuwon tsakuwa kake ba ta?"

"Tsakuwa ce da ruwa. Tukunya ta hau kai, gindinta bai taɓa ruwan ba, laima na tashi a hankali. Haka kakarki take yi. Na yi, bai isa ba. Na rataya mata jiƙaƙƙen tawul, bai isa ba."

"Wannan ganyen da ya dahu kuma, wa ya yi miya da shi?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Butar shayi na tafasa na kara mata."

Ta kwashe da dariya har da buga cinya. "Garin neman gira! Tsoho, turara ta ka yi ko dafa ta?"

"Yi dariyarki. Amma duba nan. Tun da injin ya zo, ga sabon ganye a naɗe yana shirin buɗewa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau..."

Tari ya sarƙe shi bai ƙarasa ba. Ya daɗe yana yi, dafe da hannun kujera. Na ajiye ludayi na leƙo. Ta miƙa masa ruwa tana shafa bayansa, dariyar ta gudu daga fuskarta.

"Ka ji gyaran murya," ta ce. "Ana ta kai wa yake ta kaya? Shi ke nan, gobe in sayo na biyu."

"Sayo. Shi ma nan zai zo, ta samu ɗaya a dama ɗaya a hagu."

"Kai dai ba a cin ka. To mu kai ta ɗakinka, ku sha tururin tare."

Ta kai hannu ga tukunyar. Ya riƙe mata hannu, ba da wasa ba.

"Kar ki motsa ta. Nan kakarki ta ajiye ta da hannunta. Ta ce nan ne haske ke shigowa ba tare da rana ta doke ta ba. Ni da nake faɗa kullum wai ganye ya cinye mini taga, yanzu ko kwana ɗaya ba na so in ga wurin nan babu komai."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce a raina yau kam Kunnen Ƙashi ta gamu da gamonta. Ashe ban san 'yar da na haifa ba.

"Na yarda," ta ce. "Ita Kaka ce ta dasa ta a nan, ba mai taɓa ta. To kai wa ya dasa ka a wancan ɗakin?"

"Me kike nufi?"

"Saiwa gare ka? Ko ka yi yaɗo ka kama bango? Kai za mu ciro mu dasa a nan, gefenta. Inji ɗaya ya ishe ku. Kullum in zo in goge mata ganye, kai in goge maka sanƙo."

"Ni za ki dasa? Ni, da na ɗinka wa ubanki wandonsa na farko?"

"Har da faranti da tsakuwa in kana so. Wa ya sani, ko ka yi sabon toho a ka."

Ya harare ta, ya harari fulawar, sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana share ido da bakin riga.

"Allah ya shirye ki, ja'ira. Kin ci. Ku shigo da gadon. Dama ɗakin nan ya yi mini girma ni kaɗai."

Ta miƙe da tsalle ta nufi ɗakin tana kiran in zo in kama mata. Har ta kai ƙofa ya kira ta.

"Kunnen Ƙashi."

"Na'am, angona?"

"Filo ɗaya za ki ɗauko. Ɗayan na kakarki ne, ki bar shi inda yake."