Tunkuzar Matan Tudun Ɗorawa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in da daɗi mu nemi ƙari.

A garin Tudun Ɗorawa akwai wata ƙungiya ta mata masu matsar man gyaɗa. Ba yau aka kafa ta ba, domin wasu daga cikin matan a goye suka fara zuwa rumfar aikin, yau ga su su ma da jikoki. Su talatin ne, babbarsu kuwa wata dattijuwa ce da ake kira Gwaggo Tabawa. Aikinsu ba ɓoyayye ba ne. A ɓare gyaɗa, a tsince ruɓaɓɓiya, a soya, a murje, a bakace, a kai niƙa. Sannan a zuba niƙaƙƙiyar a turmi, ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa da taɓarya har mai ya taso.

To, suna da wata al'ada wadda ba a rubuta ta a takarda ba, don ba wanda ya taɓa zaton za a manta da ita. Man da ya fito na ƙungiya ne, a jarka ake zuba shi. Amma tunkuza, wato abin da ya rage a turmi bayan an tatse mai, ta wadda ta matsa ce. Ita ce ladanta. Ta kai gida ta mulmula, ta soya ƙuli-ƙuli ta sayar. Da ƙulin nan ake sayen sabulu da gishiri, da shi ake ɗinka wa yara kayan salla, kuma a garin nan akwai ɗakunan amare da yawa waɗanda ƙuli ne ya jera kwanukansu.

Ana nan, sai dattawan da ke kula da ƙungiyar, ƙarƙashin wani Alhaji Mamuda, suka ga lokaci ya yi da za a ci gaba. Suka ɗauko manaja daga birni, wani matashi mai suna Malam Lurwanu, suka ce a gwada shi wata uku. Kada ku ce mugu ne. Yaro ne mai ladabi, yana durƙusa wa manya, ga karatu har ya yi masa yawa. Yana da wata magana da ba ta barin bakinsa: “Duk wani sauyi, sai an tafi da masu ruwa da tsaki.” Ko tabarma zai sauya wa wuri sai ya faɗe ta.

Ranar da ya fara shiga rumfa ya ga mata suna juya taɓarya, gumi na zuba, tausayi ya kama shi. Ya tsaya ya girgiza kai, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya fita. Bai tambayi kowa komai ba, don a ganinsa abin da ido ya gani ba ya bukatar tambaya. Kafin mako ya zagayo ya samo maganin wahalar: injin matsa, wanda za a zuba masa tsabar gyaɗa ta nan, mai ya fito ta can. Har ma ya yi wa wani babban ɗan kasuwa na birni alkawarin jarka ɗari kafin babbar salla.

Amma fa ba zai yi gaban kansa ba. Ya zauna ya jera sunayen masu ruwa da tsaki. Ya sa dagaci, ya sa kansila, ya sa limamin gari. Ya sa malamin gona da shugaban 'yan tasha, saboda mota ce za ta ɗauki mai. Ya sa dillalin injin, tunda shi ya san kan abin. Ya duba takardar sama da ƙasa, ya ji kamar da sauran wani abu. Can ya tuna, ya tashi ya nufi rumfa.

“Gwaggo, barka da aiki. Ranar Asabar muna da babban taro a kan makomar ƙungiyar nan, kuma ba zai yiwu ba sai da ku.”

Gwaggo Tabawa ta jingine taɓarya, ta share hannu da gefen zane. Ta ce, “Madalla, ɗan nan. Dama akwai maganganu a bakinmu.”

Ya ce, “Yauwa. Mutum ashirin nake sa rai. A yi shinkafa da miyar kaji, a ƙara da waina. Kada yaji ya yi yawa, kansila yana da gyambon ciki.”

Gwaggo ta dube shi. Ta ce, “To.” Ta ɗauki taɓaryarta.

Asabar ta zo. Aka kafa rumfar haya a ƙofar ofis, aka jera fararen kujeru. Can bayan katanga kuwa hayaƙi ke tashi, mata na fama da tukwane tun hantsi. Liman ya buɗe da addu'a. Dagaci ya yi jawabi a kan muhimmancin gyaɗa tun zamanin kakanni, ko da yake rabonsa da riƙe fartanya an yi shekara ashirin. Kansila ya ce wannan inji yana cikin abubuwan da ya daɗe yana mafarki. Shugaban 'yan tasha ya tambaya ko injin zai shiga bayan a-kori-kura, aka ce zai shiga, ya ce shi ba shi da sauran tambaya.

Malam Lurwanu ya ji daɗi ƙwarai. Kuma da yake a makaranta an koya masa cewa ba a yanke shawara da yunwa, sai ya aika a fara shigo da abinci kafin a kai ga magana ta ƙarshe.

Mata suka shigo a jere. Gwaggo Tabawa ce a gaba, ta tallabo faffaɗan tire na waina a tafin hannun hagu, ga butar ruwan wanke hannu a dama. Daidai lokacin dillalin inji yana tsaye yana cika baki.

Yana cewa, “Injin nan, ranku ya daɗe, ba ya barin ko ɗigo. Tas yake tatse gyaɗa. Wannan jiƙaƙƙen abin da ke ragewa a turmi, wanda mai ke maƙalewa a ciki a yi asara, an gama da shi har abada.”

Aka yi tafi. Gwaggo ta ja ta tsaya. Ta matsa kusa da kujerar dagaci ta yi gyaran murya. Dagaci ya waiwayo, ya ga buta, sai ya naɗe hannun riga ya miƙo tafukansa. Ta zuba masa. Ta sake gyaran murya, kansila ya miƙo nasa. Haka ta bi layi tana gyaran murya tana zuba ruwa, sauran mata na biye da ita da kwanuka.

Malam Lurwanu ya miƙe ya ce, “Jama'a, mu nan ba ma danne kowa. Duk wanda bai yarda a kawo injin nan ba, ya ɗaga hannu.”

Ya duba dama, ya duba hagu. Ya ma ƙara jira kaɗan, don adalci. Ba a jin komai sai ƙarar cokula. Ya buɗe littafinsa ya rubuta: an amince baki ɗaya.

Bayan kwana goma inji ya iso. Aka ɗaura masa ƙyalle, dagaci ya yanka da almakashi. Aka zuba gyaɗa, ya yi ruri, mai ya zubo gwanin sha'awa. Ta ɗaya ɓangaren kuma wani abu ya faɗo, busasshe ƙamas, baƙi-baƙi kamar tsingaro. Gwaggo ta sunkuya ta ɗauki guda, ta murza, ta shinshina, ta gwada shi da haƙori. Ta miƙa wa ta kusa da ita, ita ma ta miƙa wa ta gaba, har ya zagaye su duka. Dillali ya ce kaji da shanu suna son sa matuƙa.

Washegari Malam Lurwanu ya zo da sassafe ya buɗe rumfa. Hantsi ya yi, ba kowa. Azahar ta yi, ba kowa. Ya aika gida-gida. Wannan ta tafi suna, waccan bayanta ya riƙe, wata ta tafi duba 'yarta a ƙauye. Mace talatin, uzuri talatin, babu guda biyu da suka yi kama.

A nan ne ya gane wani abu da dillali bai faɗa ba. Inji yana matsa, amma ba ya ɓare gyaɗa, ba ya tsince ruɓaɓɓiya, ba ya bakace, ba ya tace mai ya ɗura a jarka. Ga buhuna jibge har rufi, ga inji a zaune kamar baƙon da ba a san wanda ya gayyato shi ba. Salla saura kwana tara.

Alhaji Mamuda ya leƙo, ya dubi jarkoki a kife. Ya ce, “Manaja, ranar Laraba ta sama motar ɗan kasuwan nan za ta zo. In ta samu mai, ta tafi da mai. In ba ta samu ba, ba za ta koma wayam ba, da kai za ta tafi.”

Malam Lurwanu ya ɗauko takardarsa ta masu ruwa da tsaki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Dagaci ya ce shi harkar mata ba ya shiga. Wayar kansila a kashe. Malamin gona ya ce aikinsa ya ƙare tun ranar da aka tuge gyaɗa daga ƙasa. Shugaban 'yan tasha ya ce motoci na nan a shirye, a kawo kaya kawai. Liman ya yi masa addu'a mai tsawo, ya kuma ba shi shawarar ya yawaita haƙuri.

Da la'asar ya tsaya a ƙofar gidan Gwaggo Tabawa ya yi sallama. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Gwaggo ta fito a hankali, ta ajiye masa ruwa da ɗan kwano mai ƙuli-ƙuli guda uku.

Ta ce, “Ci, ɗan nan. Ka ci a hankali, na ƙarshe ne.”

Ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Ya ce, “Gwaggo, me na yi muku? Wahala na gani, na ɗauke muku. Kullum kuna fama da taɓarya.”

“Taɓarya ta kawo maka ƙara?”

“A'a, amma ai kowa ya ga gumin da kuke yi.”

“Ka ga gumi. Ka taɓa bin ƙwaryar da kowace mace ke fita da ita da yamma, ka ga inda take zuwa?”

Ya girgiza kai. Ta nuna masa abin da ke hannunsa da haɓa. Ta ce, “Nan take zuwa. Mai na ƙungiya, tunkuza tamu. Haka muka tarar. Kai kuma ka kawo abin da ke ba ƙungiya mai, ya ba kaji tunkuza. To kajin su zo su ɓare maka gyaɗa.”

Malam Lurwanu ya dubi ƙulin kamar yau ya fara ganin irinsa. Ya ce, “Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya faɗa mini. Na tara duk masu ruwa da tsaki, Gwaggo, ba wanda na bari.”

“Mun gan su. Mu muka wanke kwanukansu.”

Abin ya ɗan sosa masa rai. Ya zaro littafinsa daga aljihu, ya buɗe shafin, ya juya mata shi duk da ya san ba boko take karantawa ba.

Ya ce, “Amma a yi mini adalci. Kuna wurin. Ke kanki kina tsaye a gabana lokacin da na ce duk wanda bai yarda ba ya ɗaga hannu. Na jira. Ba ki ɗaga ba.”

Gwaggo ta janye kwanon da sauran ƙuli biyu, ta rufe shi da faifai.

Ta ce, “Wanne zan ɗaga, Manaja, mai tiren ko mai butar?”

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓeran da ya kwana a buhun gyaɗa.