Ruwan Bayan Masallaci

Ko da zan manta ranar da aka ɗauke ni aiki, ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar da Baba Ladan ya yabe ni a gaban baƙuwa ba. Tsakani da Allah tsohon ya yi yabon, da zuciya ɗaya, kuma shi ne ya tona mini asiri a bakin titi.

Ni duba-gari ne a Gumel. Amma da 'yan unguwa suka ga ina yawo da farar riga da jaka, sai suka laƙaba mini Dokta, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba (ko allura ban iya yi ba, idan na ga jini ma kau da kai nake). Sunan ya yi mini daɗi har tafiyata ta canza.

Wata rana ogana ya kira ni ya ce an zaɓe ni in riƙa ɗibar ruwan kwata don gwajin shan inna. Yadda abin yake, yaro na iya ɗauke da ƙwayar cutar yana wasansa lafiya lau, amma tana fita ta bayan gidansa. Idan uwa ta wanke fo ko ta yi masa tsarki, ruwan ya bi rariya ya faɗa kwata. To in aka ɗebi ruwan a inda magudanan unguwa suka haɗu aka aika ɗakin gwaji, ana iya gane cewa cutar na yawo tun kafin ta shanye ƙafar wani yaro. An koya mana komai dalla-dalla. Sau ɗaya a wata, da hantsi, lokacin da mata ke wanke-wanke da wankan yara, a jefa guga tsakiyar ruwa mai gudu, a cika jarka lita ɗaya, a sa cikin kula mai ƙanƙara, a aika a ranar. Aka kuma ja mana kunne cewa wuri ɗaya aka zaɓa, kada wanda ya matsa ko taku goma.

Wurin da aka zaɓa mini kuwa daidai gaban teburin mai shayi yake, inda majalisar abokaina take zama. Su ne masu ce mini Dokta, masu miƙo mini takardun asibiti in duba musu. Ranar farko na zo da takalmin roba da safar hannu da takunkumi a jaka. Na hango su jere a kan benci suna gardamar ƙwallo, na kalli baƙin ruwan nan mai kumfa da ledoji, sai na ji ba zan iya saukowa daga babur ba. Na ɗaga musu hannu na wuce.

Can gaba kaɗan, a bayan masallacin unguwa, akwai wata 'yar kwata a lungun da ba kowa ke bi ba. Ruwan alwala ne ke gangarowa cikinta, sai rarar famfon burtsatse. Na ce a raina ai kwata kwata ce, daga ƙarshe duk wuri guda suke haɗuwa. Nan na cika jarkata. Da yake wayar aiki tana nuna inda mutum ya tsaya sa'ad da ya cike fom, sai in dawo gaban mai shayi in tsaya a kan babur, in yi kamar ina duba saƙo, in danna abina. (Kun ga ba wauta ce kaɗai ba, har da dabara, kuma dabarar ce ta fi cin raina yanzu.) Mutum ɗaya ne ke ganina a lungun, ladanin masallacin, wanda kowa ke kira Baba Ladan. Lokacin sharar harabarsa ke nan, kuma duk zuwan da na yi sai ya sa mini albarka.

Sakamako ya fara dawowa. Watan farko babu komai, na biyu babu komai, haka har wata shida. Ni kuwa sai kumbura nake yi, kamar ni na share cutar daga garin da tsintsiya.

A cikin abokan aikinmu akwai Malama Saude, mai kula da matan da ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara maganin riga-kafi. Ta girme ni a shekaru da kuma aiki, kuma babu lungun unguwar nan da ba ta sani ba. Ta daɗe tana cewa ana tsallake yara a wurin. Dangi kan zo daga rugage ta wajen Maigatari da Sule Tankarkar su sauka kwana biyu da 'ya'yansu, a shafa alli a ƙofar gida alamar an gama, alhali baƙin yaran ba su samu ba. A taron da ake haɗa mu duk wata daga ƙananan hukumomi huɗu na yankinmu, ta ɗaga hannu ta nemi a sake bin unguwar tun daga farko.

Ba wanda ya tambaye ni. Ni da kaina na miƙe, na gyara wuyan riga, na ɗaga takardun sakamakona sama.

"Malama, da girmanki da komai, mu da kimiyya muke aiki, ba da 'ina jin a jikina' ba. Ga shaidar wata shida, unguwar nan tas take."

Aka kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye muku ba. Ita kuwa ta sauke hannunta ta zauna. Bayan sati biyu aka ce tana yawan tayar da hankalin mutane a kan abin da babu, aka mayar da ita wani ƙaramin asibiti a Gagarawa Tasha. Kullum sai ta yi sammako ta nemi mota, ta bar tsohuwarta marar lafiya a hannun maƙwabta. Na ji labarin, na ce ikon Allah, na ci gaba da harkokina.

Ana nan sai ga baƙuwa daga ɗakin gwajin da ake kai ruwanmu, wata mace mai gilashi, ba ta da yawan magana. Da na ji don wurina ta zo takanas, na ɗauka yabo ya kawo ta, har da sa sabuwar shadda. A ofishin oga ta buɗe takarduna ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ba shan inna kaɗai suke dubawa ba. Akwai wasu ƙwayoyin da ke cikin hanjin mutane a ko'ina, kuma duk ruwan da ya fito daga gidajen da ke da yara sai an gan su jefi-jefi. Hatta maganin da ake ɗiga wa yara yana barin alamarsa a kwata na ɗan lokaci bayan kowane zagaye. Da waɗannan suke gane cewa ruwan da aka aiko na kirki ne. Nawa kuwa wata shida babu ko ɗaya. Ta dube ni ta saman gilashi.

"Malam, ko dai mutanen unguwar nan ba sa zagayawa ne?"

Oga ya yi dariya, ni ma na taya shi da wata iri wadda ko ni ban gane ta ba. Na ce wataƙila ƙanƙara ce ke narkewa a hanya. Ta ce mai yiwuwa ne, amma mu je ta ga wurin da idonta.

Muka shiga motar ofis, ni da ita da oga. Tun a hanya gumi ya jiƙa mini sabuwar shaddar. Na kai su wurin gaskiya, gaban mai shayi, ina addu'ar a tarar da benci babu kowa. Ina! Majalisa ta cika, ga kuma Baba Ladan a gefe yana jiran a haɗa masa shayi. Aka yi ta "Dokta, Dokta, yau da manyan baƙi ake tafe?" Baƙuwar ta leƙa kwatar ta gyaɗa kai, ta ce wuri ya yi kyau, ruwa na gudu yadda ake so. Sai ta juya ta gaida tsohon da ladabi, ta tambaye shi ko yana ganina idan na zo ɗiba a nan.

Baba Ladan ya ga dama ta samu da zai ɗaga darajata a gaban manyana. Ya ajiye sandarsa ya gyara tsayuwa.

"A nan? Haba 'yar nan, Allah ya kiyaye. Ai Dokta mutum ne mai tsafta, ba ya kusantar wannan ƙazantar. Can bayan masallacinmu yake ɗibar muku mai kyau, garai-garai, ruwan alwala. Ni shaida ne, wata shida bai taɓa fashi ba. Ku riƙe yaron nan da kyau, irinsu sun yi ƙaranci."

Tsohon yana ta murmushi yana kallona, yana jiran in yi masa godiya. Kuma wallahi na yi, na ce na gode Baba, don ban san me zan ce ba. Oga ya cire hularsa ya sake sawa. Baƙuwar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta buɗe bayan mota ta ɗauko guga da safar hannu ta miƙo mini, ta ce tunda hantsi bai wuce ba, bismilla.

Haka na naɗe ƙafar wandon sabuwar shadda na durƙusa a bakin kwatar, a gaban kowa da kowa. Abin haushin, kafin in cika jarkar 'yan majalisa sun koma gardamar ƙwallonsu. Ɗaya ne ma ya ce a'a, ashe aikin Dokta da wahala. Abin da na yi wata shida ina gudu ke nan.

An ba ni takardar gargaɗi, kuma na cancanci fiye da haka. Abin da sabon gwajin ya nuna ba hurumina ba ne in faɗa a nan. Amma an ba da umarni a sake bin unguwar gida-gida tun daga farko, daidai abin da Malama Saude ta roƙa tun a taron nan. Har yau ina tuna yaran da suka zo suka koma rugagensu a tsakanin ba a ɗiga musu maganin ba.

Sai da na yi sati uku ina jan ƙafa kafin na hau babur na tafi Gagarawa Tasha. Na same ta tana awon jarirai a ƙarƙashin rumfa. Na jira ta sallami matan, na durƙusa na faɗa mata komai, har da zancen wayar. Na ce na roƙi oga a dawo da ita Gumel, ya ce an riga an sa wata a gurbinta, sai dai a jira. Ta saurare ni har na gama tana naɗe igiyar sikeli.

"Na yafe maka, Malam, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Zirga-zirgar mota ba ta dame ni ba, an saba. Abin da ya dame ni, na yarda da takardunka. Na koma gida na ce ashe shekara da shekaru ban san aikina ba. Yanzu ko abu na gani da idona, sai in ce ƙila ni ce ban gane ba."

Darasin da na koya ba mai tsawo ba ne: idan ka ga ka kauce wa jin kunya cikin sauƙi, waiga ka duba, akwai wanda ka ɗora wa ita. Tawa ta minti goma ce a bakin kwata, na ƙi ɗauka, wata baiwar Allah ta ɗaukar mini.

A taron watan jiya ta zauna a layin baya. Da aka gama bayani oga ya tambaya ko akwai mai ƙarin magana a kan yaran da ake tsallakewa. Na waiga na dube ta. Hannayenta biyu suna kan cinyarta, kuma a nan ta bar su har aka shafa fatiha.